Daga Kantun Gishiri Zuwa Ƙwayar Zarra

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau kantun gishiri za mu ɗauka mu yi ta rarrabawa har inda rabo ya ƙare, domin ta wannan hanya masana kimiyyar sinadarai ke tantance kowane abu su sa shi a ajinsa.

A Bilma, can cikin hamadar arewa maso gabashin Nijar, masu aikin gishiri ramuka suke haƙawa, ruwa mai gishiri ya ɓuɓɓugo ya kwanta. Sauran aikin na rana ne. Ruwa ya yi ta ƙafewa, gishiri ya yi ɓawo a sama, a fasa shi ya nutse, a kwashe, a cura kantu, raƙuman ayari su ɗauko zuwa Agadas da kasuwannin ƙasar Hausa.

To, ina ruwan ya tafi? Bai ɓata ba. Ruwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri ɗaya. A ƙanƙara suna jere, kowace na karkarwa a gurbinta. A ruwan sha suna gogayya suna zamewa. Idan zafi ya ba su ƙarfi sai su kuɓuce su bi iska. Abu ɗaya ne, yanayi uku: sandararre, mai kwarara, da gas. A 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sikotlan, Robert Brown, ya ga 'yan ɓurɓushin garin fure suna ta rawa cikin ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba tare da an taɓa su ba. Sai a 1905 Albert Einstein ya yi lissafin da ya nuna ƙwayoyin ruwa ne ke bangazarsu ta kowane gefe.

(KIƊA KAƊAN)

Mu koma kan kantunmu. Duk wanda ya taɓa fasa shi ya san ba gishiri zalla ba ne, akwai ƙasa da yashi a ciki. Jiƙa shi a ruwa, tace da tsumma mai tsabta, yashi ya tsaya a sama. Dafa ruwan har ya ƙone, farin gishiri ya rage a gindin tukunya. Yashi na nan yashinsa, gishiri na nan gishirinsa, ba wanda ya sauya hali. Wannan shi ne ajin farko, gauraye: abubuwan da suka cakuɗu amma ba su ƙullu ba, kuma ba su da ƙayyadadden awo. Wani gaurayen ido na ganin ɓangarorinsa, kamar kantu. Wani kuwa ya saje sarai, kamar ruwan gishiri, ko iskar da muke shaƙa, wadda kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin.

Yanzu ga farin gishiri a hannu. Nan rariya da tsumma da rana duk sun gaza. Ko wuta ka ba shi, sai ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas kafin ya narke, kuma ko ya narke gishiri ne. Lantarki ne ke iya raba shi. Idan aka ratsa narkakken gishiri da wutar lantarki, abu biyu ke fitowa, kuma wallahi ba wanda zai so ko ɗaya a miyarsa. Na farko sodiyam, ƙarfe mai laushin da wuƙa ke yankawa, wanda ake ajiyewa cikin mai domin da ya taɓa ruwa sai ya hau tafasa, har ya kama da wuta. Humphry Davy ne ya fara fitar da shi a Landan a 1807. Na biyu kilorin, gas mai guba, launinsa tsakanin rawaya da kore, wanda aka kashe sojoji da shi a Beljiyam a 1915 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma da suka ƙullu, ga abin da ke sa tuwo da miya su ciwu.

Wannan shi ne aji na biyu, haɗaɗɗen sinadari, kuma a ganina nan ne daɗin darasin yake, ba a haddar sunaye da ake ɗora wa ɗalibai ba. Haɗin yana haifar da sabon abu mai sabon hali, kuma awonsa ba ya canzawa. Tataccen gishiri, na Bilma ne, na Keana a jihar Nasarawa ne, ko na teku, kusan kashi 39 na nauyinsa sodiyam ne, kashi 61 kilorin. Me ya sa? John Dalton, malamin makaranta a Manchesta ta Ingila, ya ba da amsa a littafinsa na 1808: kowane sinadari na da irin ƙwayar zarrarsa mai nauyinta, kuma da ƙidaya suke haɗuwa. A gishiri ɗaya da ɗaya ne. A ruwa, haidurojin biyu, oksijin ɗaya.

Sodiyam da kilorin kuwa, duk dabarar haɗa sinadarai ba ta ƙara raba su. Su ne aji na uku, sinadaran asali, masu zarra iri ɗaya tak. Lokacin da Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera su a jadawali a 1869, 63 aka sani. Yau 118 ne.

Zinariya na cikinsu. Sai dai, uwargida, sarƙar da aka ce miki karat 18 ce, kashi 75 cikin ɗari ne kawai zinariya. Sauran jan ƙarfe ne ko azurfa da makamantansu, an gauraya don ta yi ƙwari, domin zinariya zalla mai karat 24 ta cika laushi, da wuya ta jure sawar yau da kullum.

 

(KIƊAN RUFE SHIRI)