Takin Bishiyar Tukunya: Yadda Hannun Manomin Masara Ke Kashe Itacen Ƙarya

A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura da ke bakin iyakar Nijar, akwai wata gajeriyar bishiya da kusan kowa ya sani da ido. Gindinta a kumbure yake, rassanta kaurara, ga santsi. Da rani, lokacin da ta kakkaɓe ganye, sai ta fito da furanni jajaye masu fari a tsakiya. Ita ce itacen ƙarya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum. A yankinmu na Sahel take fitowa da kanta, daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Danginta ɗaya da tumfafiya.

Yanzu ta shiga tukunya. Masu sayar da furanni a bakin titunan Kano suna da ita, mutane kuma suna saye su kai gida. A Tailan da Taiwan an mai da ita babbar sana'a, ana auren iri ana fitar da launuka kala-kala ana sayar wa duniya. Haka ma kuka, masu sha'awar fasahar bonsai ta Japan, wato renon babbar bishiya a ƙaramin kasko, suna tsare ta a tukunya shekara da shekaru ba ta wuce gwiwa ba.

Abin takaici, da yawa daga cikin waɗannan bishiyoyi ba sa daɗewa a hannunmu. Ba yunwa ke kashe su ba, ba ƙishirwa ba. Yawan gata ne, musamman yawan taki.

Gona daban, tukunya daban

Mutumin wannan yanki manomi ne, hannunsa ya saba da masara da dawa da shinkafa. Waɗannan shuke-shuke ne masu gaggawa, cikin wata uku ko huɗu za su tsiro, su yi kara, su fid da kai, don haka suna cin taki sosai. Itacen ƙarya ba haka aka halicce shi ba. A kan tsakuwa da jigawa marar ƙarfi ya saba rayuwa, yana girma a hankali, yana tara ruwa a kumburarren gindinsa domin watannin da ba ruwan sama.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka manomi ya zuba buhu 8 na takin kamfa, mai kilo 50 kowanne, a hekta ɗaya ta masara. Kilo 400 ke nan a kan murabba'in mita 10,000, wato giram 40 a kowane murabba'in mita. Tukunya mai faɗin baki santimita 30 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ba. Rabonta a wannan lissafi bai cika giram 3 ba, kusan rabin ƙaramin cokalin shayi, kuma na damina guda ke nan. Wanda ya dumbuzo cikin tafin hannu ya watsa a tukunya, ya ninka abin da masara kanta ke samu kusan sau goma.

A gona ma ruwan sama yana wanke rarar taki ya nutsar da ita ƙasa, saiwa kuma tana da inda za ta miƙa. A tukunya babu mafita. Abin da aka zuba yana nan tare da saiwar.

Yadda taki ke ƙona saiwa

Takin zamani irin su kamfa, a ilimin sinadarai, dangin gishiri ne, yuriya ma da ta narke a ƙasa haka take aiki. Saiwa tana shan ruwa ne saboda ruwan da ke cikinta ya fi na ƙasa kauri, shi kuma ruwa a kullum yana ratsawa daga inda ya tsinke zuwa inda ya yi kauri. Idan taki ya yi yawa, ruwan ƙasar ne zai fi kauri, sai lamarin ya juya, ƙasa ta koma zuƙe ruwa daga saiwa. Duk matar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga ya tsatso ruwa, ta ga wannan aiki da idonta.

Ƙananan saiwoyi ne ke fara mutuwa. Bakin ganye ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, bishiya ta yi yaushi alhali tukunyar a jiƙe take. Mai ita ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Daga nan ruɓa ta shiga ta matacciyar saiwa ta hau gindi. Ranar da aka danna gindin da yatsa aka ji ya lotsa, yawanci an makara.

Yuriya ta fi haɗari, domin kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, mai sa ganye da tsawo. Ko ba ta ƙona saiwa ba, za ta sa rassa su zuƙe, su yi siriri da laushi, ganye ya cika, fure ya ƙi fitowa, darɓa kuma ta samu wurin zama. Lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa suna nuna naitirojin, da fosfaras mai taimakon saiwa da fure, da fotashiyam mai ƙarfafa jiki. Ga bishiyar tukunya, 15-15-15 ya fi 20-10-10 dacewa, domin ba ta buƙatar naitirojin ya rinjayi sauran.

Lokaci da ma'auni

Ka'ida ta farko ita ce ba a ba bishiya taki sai tana girma. Idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, itacen ƙarya yana hutawa. Ganyensa zai yi rawaya ya zube, kuma wannan ba ciwo ba ne, ɗabi'arsa ce. Kuka ma haka take, da rani tsirara take tsayawa. Bishiyar da ba ta da ganye ba ta da abin da za ta yi da taki. A rage ruwa ƙwarai, a ajiye taki gaba ɗaya.

Sai an ga sabon toho, daga ƙarshen bazara zuwa faɗuwar damina, sannan a fara. A narkar da rabin ƙaramin cokali na kamfa a lita 4 na ruwa, a bari ya narke sarai. A fara jiƙa tukunyar da ruwa zalla, sannan a zuba, da safe ko da yamma. Sau ɗaya a wata ya wadatar. Da an shiga kaka, wajen Oktoba, a dakata.

Wanda ya fi son takin gida, kashin awaki ko na tumaki da ya shekara ya ruɓe ya koma baƙar ƙasa marar wari shi ne daidai, a barbaɗa kaɗan a sama, nesa da gindi. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwa. Toka ma a yi hattara da ita: tana da fotashiyam, amma tana da kaifi irin na kanwa, idan ta yi yawa takan hana saiwa ɗaukar sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito a koɗe.

Idan an ga farin ɓawo a bakin tukunya ko a saman ƙasa, gishiri ne ya taru, daga taki ko daga ruwan rijiya da na burtsatse. A kankare shi, a kwarara ruwa mai yawa har ya zube ta ƙasa. Ruwan sama da aka tara ya fi kowane ruwa kyau ga wannan aiki.

Ƙasar ita ce tushe

Taki ba ya gyara mummunar ƙasa. Lakar fadama tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Lallausan rairayi irin na jigawar Babura, idan shi kaɗai ne, yakan danƙare a tukunya. Abin da ake so shi ne garwaye mai sakin ruwa: yashin rafi mai kaushi, da ƙananan tsakuwa, wadda mutanen Kazaure da Roni ba sa nemanta da nisa saboda duwatsun da ke kewaye da su, da dakakken gawayi, da ɗan ruɓaɓɓen taki. Tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi ta roba, domin tana numfashi. Lallai a huda ta a ƙasa, a ɗora tsingaro a kan hudar. A watan Agusta, lokacin marka, a jawo ta ƙarƙashin rumfa, amma sauran shekara a bar ta a rana. Wadda aka kulle a falo ba za ta yi fure ba ko an ba ta takin duniya.

Bayan shekara biyu ko uku a sauya ƙasa. Idan an datse saiwa, a bar ta a inuwa kwana biyu ko uku ta bushe kafin a mayar, kuma kada a ba ta taki sai ta yi wata guda ta kama.

A kuma tuna cewa ruwan jikin itacen ƙarya guba ne mai taɓa zuciya, har mafarauta a sassan Afirka suna haɗa dafin kibiya da shi. A wanke hannu bayan an yi wa bishiyar aski, a nisanta ta daga yara da awaki.

Wannan bishiya tamu ce, ta san zafinmu da raninmu tun kafin mu sa ta a tukunya. Mai ita ya ba ta rana, da ƙasa mai sakin ruwa, da taki ɗan kaɗan a lokacin da take toho. Buhun yuriya kuwa a bar wa masara.