Kunun zaƙi da burukutu: Hatsi ɗaya, hukunci biyu

Tun shekarar 2000, da Jihar Sakkwato ta fara aiki da shari'ar Musulunci, aka hana sayar da giya a fili. Kunun zaƙi kuwa yana ko'ina, daga kasuwa har bakin ofisoshi.

Da dawa ake iya yin kunun zaƙi, da ita kuma ake yin burukutu. Bambancin yana ga tsimi. Kunu ana haɗa shi da citta, kanumfari da dankali, a shanye a ranar. Burukutu kuwa tsiron dawa ake dafawa, a bar shi kwanaki har ya riƙa bugarwa.

A zafin bazara, da ma'auni ke haura digiri 40, kunun da ya kwana babu sanyi kan yi tsami da kumfa. Mai saye ya guji gorar da ta kumbura.