Oba-obar Soja Ta Lalace, Wa Zai Gyara?

Duk ɗan Keffi da ya tashi a unguwar Liman Abaji ya saba ganin motocin soja suna ratsa gari, daga barikin Shitu Alao inda Bataliya ta 177 take. Abin da yara kan ƙura wa ido shi ne bindiga. Amma in ka tambayi wanda ya ci kaki ya ƙoshi, zai gaya maka cewa wannan eriyar da ke lilo a bayan mota ba ta gaza bindigar daraja ba, domin sojan da wayarsa ta mutu a daji ba ya iya kiran agaji, ba ya iya faɗin inda yake, har ma 'yan'uwansa na iya buɗe masa wuta a bisa kuskure. Mu da ke zaune a nan Kurmi, da yawanmu muna da ɗa ko ƙane a cikin soja, saboda haka maganar ta shafe mu.

A aikin soja, gyaran irin waɗannan na'urori hawa-hawa ne, kuma sojanmu sun gaji tsarin daga Ingila, wadda ta kafa rundunar injiniyoyin lantarki da makanikai a 1942. Tamu makarantar ta irin wannan runduna tana Auci a Jihar Edo, ta sojan sigina kuwa tana nan kusa da mu a Apapa. Marigayi Janar Murtala Muhammed ma sojan sigina ne, ya koyo aikin a Katarik ta Ingila, kuma shi ne Sufeton Sigina a Ikko a 1966.

Hawa na farko yana hannun mai riƙe da wayar. Ba a ba shi iznin kwance ta ba, ko da kuwa ɗan makanike ne a gidansu. Nasa shi ne ya share ƙura, ya duba batir, ya ga ko igiya ta tsinke ko bakin mahaɗi ya yi tsatsa, sannan ya kira wata tasha ya ji ko ana jinsa. Sai mutum ya raina wannan aiki, alhali a nan ne yawancin ɓarna kan samo asali. Alal misali, wanda ya matsa maɓallin magana alhali eriya ba ta ɗaure ba, ƙarfin da ya kamata ya fita iska sai ya komo ciki, yana iya ƙone na'urar. Batirin da aka manta a ciki wata da watanni sai ya yi yoyo ya cinye ƙarfe. Ga kuma bambancin ƙasa: a Arewa ƙurar hunturu da zafin bazara ke kashe kaya, a nan kuwa laima ce da iskar gishiri ta bakin teku. Wanda ya taɓa ajiye rediyonsa a ɗaki a Ajegunle damina guda ya san abin da nake nufi.

In abin ya fi ƙarfinsa, sai a miƙa wa ma'aikacin da ke tare da bataliya, wanda yakan gano ɓangaren da ya mutu, ya zare shi ɗungurungum ya sa sabo, waya ta koma bakin aiki a ranar. Shi ɓangaren da aka zare sai ya wuce babbar ma'aikata, inda ake da na'urorin awo da masu bin da'ira ɗaya bayan ɗaya da dalma da ƙarfen liƙi. Hawa na ƙarshe shi ne a kwance na'ura kaf a sabunta ta, ko a mai da ita ga kamfanin da ya ƙera. Amurka ta daɗe da hawa huɗu, amma a shekarun 2000 sojan ƙasanta suka taƙaita su zuwa biyu, watau na fagen daga da na can baya, domin kayan zamani an ƙera su ne yadda za a zare a sauya.

Shi kansa gyaran iri-iri ne. Akwai na rigakafi, wanda ake yi bisa jadawali ko da waya lafiyarta lau. Akwai na bayan lalacewa, wanda kowa ya sani. Akwai kuma wanda mai gyaran rediyo na kasuwa bai cika damuwa da shi ba, watau daidaita awo. Wayar soja takan goce daga zangonta kaɗan-kaɗan da tsufa, tana kunnuwa, fitilarta na ci, amma na can nesa ba ya jin ta sosai. Su kansu na'urorin awon sai an riƙa kai su ana gwada su da wasu da suka fi su inganci, in ba haka ba makaho ne ke jan makaho.

A ganina inda gizo ke saƙar shi ne kayan gyara. Yawancin waɗannan na'urori daga ƙasashen waje ake sayo su, wannan daga gabas, wancan daga yamma, kuma kayan wani ba sa shiga na wani. In aka sayi waya ba a sayi kayanta da littafinta ba, ba a kuma horar da mai gyaranta ba, sai ma'aikaci ya shiga cire na wannan yana sa wa wancan. Yau ya ta da ɗaya, amma ya kashe ɗaya, kuma a takarda har yanzu biyu ake ƙirgawa. Kwamandan da ya dogara da wannan lissafi ya tura yara daji, shi ne zai tarar rabin wayoyinsa gawa ne a sito.