ADON FARCE A GIDA: TSOHON YAYI DA LAUNUKAN ƘAUYUKAN BAHAR RUM

A ƴan shekarun nan wani yayi ya bazu cikin matan Turai da na Amurka, har ya iso ga ƴan matanmu ta hanyar wayar salula. Yayin kuwa shi ne mace ta zauna a ɗakinta, ba tare da ta biya kowa ba, ta zana wa faratanta lemun tsami, ko reshen zaitun, ko zanen shuɗi da fari irin na bangon gidajen Fotugal da Tunisiya, sa'an nan ta tsara shi bisa fasalin da kakannin Turawa suka yi ado da shi shekaru tasa'in da suka wuce. Abu biyu aka gama: begen zamanin da, da sha'awar ƙauyukan bakin Tekun Bahar Rum. Mai karatu zai iya cewa wannan maganar ƴan mata ce, ba ta cancanci shafin jarida ba. To amma hannun da ake wa adon shi ne ke tuƙa tuwo, shi ke wa jariri wanka, shi ke alwala, kuma abin da ke cikin ƴar kwalbar nan ya kai ga hukumomin Turai sun yi masa doka. Saboda haka ya kamata a san asalinsa, a san yadda ake yinsa, a kuma san inda haɗarinsa yake.

Jan farce na kwalba, wanda Faransawa ke kira vernis, bai daɗe a duniya ba. A 1911 wani Ba'amurke, Northam Warren, ya fara sayar da ruwan gyaran gefen farce da sunan Cutex, bayan ƴan shekaru kamfanin ya ƙara da ruwan da ke sa farce ƙyalli. Abin da ya ba sana'ar ƙarfi shi ne fentin mota. A shekarun 1920 masu ƙera motoci suka koma ga wani fenti mai saurin bushewa da ake yi da nitiroselulos, wato auduga da aka sarrafa da ruwan asid, kuma wannan sinadari ne har yau ƙashin bayan jan farce. A 1932 Charles Revson da ɗan'uwansa Joseph, tare da wani masanin haɗa sinadarai, Charles Lachman, suka kafa Revlon, suka fito da ja mai kauri wanda ke rufe farce ruf. Taurarin silima na Amurka suka ɗauka, duniya ta bi su.

A wancan lokaci ba a shafe farce duka. Akan bar ɗan farin nan na gindin farce, mai kama da jinjirin wata, wani lokaci har da bakin farcen, a shafa ja a tsakiya kurum. Wannan fasali na shekarun 1920 da 1930 shi ne masu yayin yau suka tono. Wajen 1975 kuma Jeff Pink, mai kamfanin ORLY a Amurka, ya yaɗa wani salo na farar baki da jiki mai launin fata, domin ƴan wasan silima su daina canza jan farce duk lokacin da suka canza tufa. Aka laƙaba wa salon sunan Faransa, alhali daga Los Anjeles ya taso. Shekarun 1970 sun bar nasu gadon, wato ruwan ƙasa da ruwan goro da rawaya mai duhu da tsanwa mai kama da busasshen ganye.

Ɓangaren Bahar Rum ya fi wannan zurfi, gara mu daɗe a kansa. Launukan da ake kwaikwayo ba daga kantin kayan shafa suka fito ba, na magina tukwane ne. Tun ƙarni na 9 maginan Iraƙi suka gano cewa idan aka zuba kuza cikin ruwan gilashin da ake shafa wa yumɓu, kwano yakan fito daga wuta fari fat, a yi zane a kansa kamar takarda. Hikimar ta bi ta Masar da Arewacin Afirka ta shiga Andalus, daga can ta tsallaka Italiya, inda ake kiran irin kayan maiolica. Kowane launi da ma'adininsa: shuɗi daga kobal, tsanwa daga tagulla, rawaya daga wani dutse dangin kwalli. Shi ya sa launukan ba su da yawa, kuma duk inda ka je a gaɓar tekun su ne dai za ka tarar. Fale-falen yumɓun da aka lulluɓe bangon Lisbon da su sunansu azulejo, kalmar kuwa Larabci ce, daga az-zulaij, dangin zallij na birnin Fas a Maroko. A Nabul ta Tunisiya akushi da tulu sukan sha rawaya da tsanwa. A Vietri, bakin gaɓar Amalfi ta Italiya, inda ake noman lemun tsami bisa gangaren duwatsu, lemun ya hau faranti ya zauna. Garin Sidi Bu Sa'id kusa da Tunis ya shahara da farin bango da shuɗiyar ƙofa, kuma tun 1915 aka kafa dokar da ta kare kamanninsa. Sai launi na ƙarshe, wanda Italiyawa ke kira terracotta, ma'anarsa gasasshiyar ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin tulun Mirriya ya san shi, ba sai an kwatanta masa ba.

Abin lura a nan shi ne, kayan nan aikin hannun talakawa ne, ana yi da yawa, da sauri, domin a ci abinci a ciki ko a sanyaya ɗaki. Layi yakan karkace, launi yakan ɗan zarce iyakarsa, faranti biyu ba su zama daidai. A ganina wannan ne ya sa salon ya dace da mai yi wa kanta. Wadda hannunta ke rawa ba ta da abin jin kunya, domin maginin Nabul ma bai auna nasa layin da ma'auni ba. Masu sayar da faratan roba da aka buga wa zanen da inji, goma duk iri ɗaya, sun ɗauki launin sun bar abin da ya sa shi daɗin kallo.

Kayan aikin kaɗan ne: kwalba huɗu ko biyar, da ruwan share fage marar launi, da na rufewa, da tsinken sakace, da ɗan ƙaramin buroshi, da auduga. A wanke hannu ya bushe sarai, a goge bakin farce ta fuska guda, kada a yanke ƴar fatar da ke gindinsa, domin ita ce ke tsare ƙwayoyin cuta. A fara da marar launi, don kada ja ya rina farcen. Sa'an nan a shafa launin ƙasa sau biyu, siriri-siriri, ana bari na farko ya bushe. Shafi mai kauri yakan bushe a sama ya bar danshi a ƙasa, da an taɓa abu sai ya tattare.

Mai son jinjirin watan 1930 za ta samu mataimaki a biro. Ƴan zobban takardar nan masu manni, waɗanda sakatarori ke liƙa wa ramin takarda don kada ya yage, a liƙa ɗaya a gindin farce, a shafa launi a sama, a ɓare shi tun launin bai gama bushewa ba. Lemun tsami kuwa ɗigo ne na rawaya bisa fari, a ja shi da tsinke ya yi ƴar tsini, a sa ganye biyu na tsanwa. Zanen bangon Fotugal layi biyu ne na shuɗi da suka gitta juna, da ɗigo huɗu a kusurwoyi. Reshen zaitun ya fi wuya, yana son buroshi. Masu hankali ba su zana yatsu goma. Sukan zaɓi ɗaya ko biyu a kowane hannu, sauran su sha launi guda, musamman da yake dole hannun hagu ya yi wa na dama aiki. Akwai ruwan rufewa marar ƙyalli, shi ne ke sa farce ya yi kama da yumɓu maimakon gilashi.

Ƙasarmu na da nata sharaɗi. Zafi yakan sa jan farce ya yi kauri cikin kwalba, don haka a rufe ta da kyau a ajiye a inuwa. A lokacin hunturu ƙura takan manne wa ɗanyen shafi, gara a yi shi da dare bayan iska ta kwanta, amma ƙofa a buɗe saboda warin. Kuma nesa da murhu da kyandir da fitilar kananzir, domin jan farce da asetan ɗin da ake goge shi da shi duk suna kama wuta nan take.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Ban da jan farce na kullum akwai wani da ake kira jel, wanda ba ya bushewa sai an sa hannu ƙarƙashin wata ƴar fitila, kuma yakan yi sati biyu ko uku bai ɓare ba. Ana sayar da shi da fitilarsa don a yi a gida. A cikinsa akwai sinadarai dangin akirilat, waɗanda idan suka taɓa fata suna ɗanye, ko fitilar ba ta gasa su sosai ba, jiki kan iya ƙinsu. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan yawaitar wannan cuta: ƙaiƙayi, kumburin yatsu, tsagewar fata, har farce ya rabu da nama. Wanda jikinsa ya ƙi su, yawanci ya ƙi ke nan har abada, kuma irin sinadaran ne ake amfani da su wajen cike haƙori da ɗaura gaɓar roba a asibiti. Tun 2021 Tarayyar Turai ta ce kayan farcen da ke ɗauke da wanda ake kira HEMA na ƙwararru ne kaɗai, daga 1 ga Satumba 2025 kuma ta hana wani mai suna TPO gaba ɗaya cikin kayan shafa, bisa abin da aka gani yana yi wa haihuwa a gwajin dabbobi. Dokar Turai ba ta bin kwalba zuwa kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram. Saboda haka wadda ta yi karatu ta karanta bayan kwalba, ta karanta wa maƙwabciyarta, wadda ba ta da rubutu ko kaɗan a bar wa mai ita. Ungozoma da masu jinya kuwa nasu hukuncin daban ne: ƙa'idar wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta hana faratan roba ga mai taɓa marar lafiya, ta kuma ce kada tsinin farce ya wuce rabin santimita.

Saura batun alwala. Jan farce rufi ne, kamar yadda fenti ke rufe ƙarfen mota, kuma abin da malamai suka tafi a kai shi ne yana hana ruwa kaiwa ga farce. Don haka mata da yawa, a nan da can Tunis da Alƙahira, sukan shafa shi a kwanakin da ba su salla, su goge bayan haka. Wasu kamfanoni na tallar wani iri da suka ce ruwa na ratsa shi, malamai kuwa ba su haɗu a kansa ba.

Lalle ba shi da wannan matsala, kuma shi ne tsohon adon yankin Bahar Rum, tun kafin a san kwalba. Masanan da suka binciki gawar Fir'auna Ramsis na Biyu a Paris a 1976 da 1977 sun tarar an rina gashinsa da lalle. Garin Gabes na Tunisiya ya yi suna da nomansa, kuma a Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin gadon ɗan Adam, bisa roƙon ƙasashen Larabawa 16. Buzaye na ce masa anella, mu mu ce lalle, kamannin kalmomin biyu kuwa yana nuna cewa ta hanyar Hamada muka yi tarayya a kansa. Aikinsa ya saɓa wa na fenti: sinadarin ganyen yakan shiga jikin farcen ya rina shi, ba ya barin wani rufi a sama, ruwa na taɓa farce yadda ya saba. Sai dai a kiyayi abin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle, domin sau da yawa an gauraya shi da PPD, sinadarin rinin gashi, wanda ke ƙona fata ya bar tabo. Lalle na gaskiya ba ya baƙi da kansa cikin rabin sa'a. Jarirai kuma kada a sa musu ko na gaskiyar, domin akwai masu wata larurar jini ta gado waɗanda yake wa illa mai tsanani.

Lalle ba zai ba da shuɗin Lisbon ba, ba zai zana lemun Amalfi ba. Launi guda gare shi, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, gwargwadon yawan ƙunshi da daɗewarsa a hannu, kuma wannan launi shi ne gasasshiyar ƙasar da ake nema a kwalba. Ba ya ɓarewa a wajen wanki ko daka, yana nan sai farcen ya tsiro ya ture shi. Farcen hannu yakan ƙaru da kamar milimita 3 a wata, yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya sabunta duka. Wadda ta yi ƙunshi ranar salla ƙarama, bayan sati uku ko huɗu za ta ga sabon farce fari ya leƙo daga gindi, a lanƙwashe, daidai inda matan 1930 ke barin nasu jinjirin watan.