Wa Ya Sace Jan Jitar Gibson?

Ga wani kacici-kacici. Wata masana'anta a garin Kalamazoo na jihar Mishigan a Amurka ta ƙera wata irin jita tsakanin 1958 da 1960, ta yi mata fenti iri guda: tsakiya rawaya, gefe ja wur, jan yana narkewa cikin rawayar a hankali har ba ka iya nuna inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Launin da kamfanin ya tallata ke nan. Amma yau in aka jera maka jitocin nan, sai ka rantse ba uwarsu ɗaya ba. Wannan rawaya ce zalla, waccan launin zuma, ta kusa da ita ruwan shayi. Kaɗan ne suka rage da jansu. Ba a kankare su ba, ba a sake musu fenti ba. To, ina jan ya shiga?

Jitar ita ce Les Paul Standard ta kamfanin Gibson. Tun 1952 ake yi wa fuskarta fentin ruwan zinariya, da ciniki ya ja baya sai aka canza mata kwalliya a 1958, aka bar zanen katakon yana leƙowa ta ƙarƙashin launi. Dabarar ba ta ci ba. Kimanin 1,700 aka yi, ana sayar da ɗaya dala 265 a 1959, kuma kafin 1961 ta ƙare an maye gurbinta da wata siffa daban. Sai da mawaƙan Ingila irin su Keith Richards da Eric Clapton suka rataya ta a tsakiyar shekarun 1960 sannan duniya ta waiwayo. Yanzu kuɗin guda ɗaya ɗaruruwan dubban daloli ne. Shi ya sa masu ƙera jita don sha'awa, waɗanda ke kwana a gareji da zarto da samfefa, suke cewa tunda ba ta sayuwa, bari su yi tasu. Katako ya samu, ma'auni ya samu, wayoyi sun samu. Da an zo kan launi sai aiki ya tsaya cak, domin kafin ka kwaikwayi abu sai ka san abin da ya same shi.

Mu fara da wanda ya fi kusa da wurin da abin ya faru: mai fesa fenti. Da hannu ake fesa jan nan, hannu kuwa ba inji ba ne. Wata ran ya faɗaɗa, wata ran ya tsuke, wata ran ya yi nauyi har gefen ya yi duhu. Wannan gaskiya ne, kuma yana bayyana wasu bambance-bambancen. Sai dai ka yi tunani, mai karatu. A ce ma'aikaci ya manta da jan gaba ɗaya, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, masu duba kaya su sa hannu, dillalai su karɓa su yi shiru? Da kamar wuya. Mu sallame shi, amma kada ya bar gari.

Na biyu shi ne gumi. Wannan kam yana da fuskar mai laifi. Jitocin nan sun sha dare a gidajen rawa, cikin zafi da cunkoso, a jikin mutanen da rigarsu ke jiƙewa sharkaf tun kafin waƙa ta uku. Gumi yana da gishiri, yana cin fenti, yana sa ƙarfe tsatsa. In ka duba tsohuwar jita za ka ga aikinsa ƙarara: inda damtse ke goga ya dushe, bayan wuyan ya sule, bayan gangar jikin kuma kan bel ya yi masa zane-zane. To amma gumi yana barin sawu ne inda jiki ya taɓa. Jan da muke nema ya ɓace ne zagaye da fuskar duka, har da lungunan da hannu ba ya zuwa. Wani abin ɗaure kai kuma, man sheƙin da aka rufe launin da shi yana nan daram a samansa. An kwashe kayan ɗaki, ƙofa kuwa a kulle.

Sai man sheƙin kansa, shi da abokin tafiyarsa, hayaƙin taba. Man da ake amfani da shi a wancan zamani, naitiroselulos, yana da hali sananne: yana fitowa garai, in ya tsufa sai ya koma rawaya-rawaya, hayaƙi kuma ya ƙara masa. Shi ne ya mayar da fararen jitocin kamfanin Fender launin man shanu, shi ne ya sa wasu shuɗɗa suka koma kore, har masu saye suna gardama a kan launinsu na asali. Mai irin wannan tarihi, wa zai tsaya masa? Ni ma da zan yanke hukunci da gaggawa, nan zan tsaya. Amma a natsu. Aikin man nan ƙari ne, ba ragi ba. Ka ɗora rawaya a kan ja, abin da za ka samu ja ne mai ɗan sirki, ba rashin ja ba. Wannan mai laifi ne, amma a wata ƙarar.

Saura katako. Fuskar jitar itacen mefil ne, fari mai tauri, wani da zane kamar harshen wuta. Bayanta mahogani ne na Amurka ta Tsakiya, dangin maɗacin da kafintocinmu suka sani. Ko itacen ne ya shanye jan? Akwai 'yar shaida. Jan nan yana da yawo, domin sau da yawa za ka ga farar robar da aka yi wa gefen wuyan jitar baki da ita ta ɗauki ruwan hoda. Ashe launin yana tafiya. To in yana tafiya gefe, me zai hana shi nutsewa ƙasa?

A nan ne ake ɗauko sukundireba.

A fuskar jitar, ƙasa da tsirkiyoyi, akwai wani farantin roba da ke kare katako daga karcen yatsu. A kwance shi. A ɗaga a hankali. Me ke ƙasa?

Ja. Ja wur, kamar jiya aka fesa.

A sama kuma, wajen kafaɗar jitar, akwai wani ɗan zoben roba kewaye da makunni. A ɗaga shi ma. Ja ne, a zagaye, daidai faɗin zoben, ko kaɗan bai wuce ba. Katakon ɗaya ne da na kewaye. Man sheƙin ɗaya ne. Shekarun ɗaya ne. Mai fesawar nan da muka hana barin gari ya fita fes, domin ga aikinsa ya bayyana. Itace ma ya fita, don ba zai sha nan ya bar can ba. Iska? Farantin nan a ɗage yake, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa. Tsufa? Jitocin da aka saya aka tura ƙarƙashin gado cikin akwatinsu, aka manta da su shekara da shekaru, su ne suka fi kowa ja.

Ɓarawon ba ya shiga akwati. Ba ya shiga ƙarƙashin roba. Ba ya fasa ƙofa.

Ga shaida ta ƙarshe. A jikin wasu jitocin akwai wani tabo mai duhu kusa da makunni, mai kusurwa, siffar 'yar takarda. Takardar kamfani ce da ake ratayawa a nan lokacin da jita ke jiran mai saye. Ina take jiran? A tagar kanti. Tana kallon titi. Daga safe har yamma.

Rana ce.

Da tsakar rana aka yi satar, kowa yana kallo. Duk uwar da ta taɓa cewa a juya atamfa bai kafin a shanya ta, ta riga masanan jita gano wannan. Sai dai rana ba ta yi aikin ita kaɗai ba, tana da ɗan cikin gida, wato shi kansa jan. Gibson rini ta yi amfani da shi, daga dangin rinin anilin da William Perkin ya buɗe wa ƙofa a Landan a 1856, yana ɗan shekara 18, lokacin da yake ƙoƙarin haɗa kwinin na zazzaɓin cizon sauro sai ya ƙare da launin shunayya. Bambancin rini da fenti na gari shi ne zuciyar maganar. Fenti gari ne mai laushi da ke iyo cikin mai, yana zama a kan katako ya rufe shi. Rini kuwa narkewa yake yi gaba ɗaya, haske ya ratsa shi ya taɓa itacen ya dawo, shi ya sa zanen mefil ke motsi in ka karkata jitar. Wannan kyan Gibson ke nema, kuma ta same shi. Kuɗinsa ne ba ta tambaya ba.

Kowace ƙwayar rini tana da wani tsari da ke haɗiye wasu launukan haske ya mayar da ja zuwa ido. Hasken rana, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata, yana da ƙarfin tsinka wannan tsari, kuma gilashin taga na yau da kullum ba ya tare shi duka. Ƙwaya ɗaya ta tsinke, ta daina ba da launi. Gobe wata. Rawayar da aka shimfiɗa a ƙasa ta fi juriya, don haka duk inda jan ya janye sai ita ta fito. Wadda ta sha rana kaɗan ta tsaya a ruwan shayi, wadda ta ƙara ta kai zuma, wadda ta sha ta ƙoshi ta koma rawaya zalla, kamar shahararriyar jitar Peter Green ta 1959 da ta bi ta hannun Gary Moore ta faɗa hannun Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica. In an bi diddigi, ko sata ba a yi ba. Rinin yana nan inda aka fesa shi, ƙarƙashin mai. An dai kashe shi ne a kan gadonsa.

Kamfanin ya farga da wuri. A cikin 1960 aka canza zuwa wani jan da ba ya koɗewa, kuma jitocin ƙarshen shekarar har yau suna nan da jansu, mai kauri, wanda masu tara jita ke yi wa ba'a da sunan miyar tumatir. Abin dariya, an gyara kuskure, kasuwa kuma ta fi son kuskuren. Fender ma a Kalifoniya ta sha irin wannan: ta ƙara ja cikin fentinta a 1958, ya gudu daga jitoci da yawa ya bar su da launi biyu maimakon uku.

Mai ƙera tasa a gida yanzu zaɓi ya rage gare shi. Yana iya ɗaukar rinin zamani mai jure haske ya fesa launin zuma kai tsaye, ya huta, abin da ya gani yau shi zai gani bayan shekara ashirin. Ni dai na fi jin daɗin masu taurin kai, waɗanda ke neman jan mai rauni da gangan, su fesa shi wur, su ɗaura farantin roba da zobe, su jingina jitar a rana suna leƙawa. Mai hankali a cikinsu yakan fara da guntun katako, ya rufe rabi da takarda, ya ga saurin koɗewar kafin ya taɓa aikin wata shida. Akwai kuma tarko: wasu mayukan sheƙi na yanzu an zuba musu sinadarin tare hasken, sai mutum ya yi ta shanya jita jan ya ƙi motsi. Kuma rana ba ta san "ya isa" ba, ranar da launin ya kai inda kake so sai ka koma da ita akwati.

Masu jabu su ma sun karanta wannan shari'a tun daga farko har ƙarshe. Sun san mai saye zai zo da sukundireba, don haka sukan ɗaura robar tukuna sannan su kunna fitilar da ke koɗar da rini, jan ƙarƙashi ya zauna lafiya yana jiran a ɗaga. Dillalan tsofaffin jita suna da wata ba'a da suke yi a tsakaninsu: wai daga cikin 1,700 da Gibson ta ƙera, waɗanda suka rage a duniya sun fi haka yawa.