Kwana a bakin teku: Yadda wuraren hutun iyali ke ƙara nisa da talakan Legas

Mazaunin Sabo a Ikorodu ba ya rasa ganin ruwa. Garin yana gaɓar arewa ta babban tafkin Legas, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Ipakodo ake ɗibar fasinja zuwa tsibirin Victoria. Sai dai tafki daban, teku daban. Magidancin da ya ƙudurta kai iyalinsa bakin Tekun Atlantika a hutun Sallah, su kafa tanti su kwana, zai tarar da tafiyar ta fi ta da tsawo, kuma aljihu ne ke buɗe ƙofa.

A shekarun baya, Bar Beach ce matattarar mai kuɗi da talaka a ranakun bukukuwa. Yau an cike wurin da yashi, an kafa sabon birnin Eko Atlantic a kansa. A watan Agustan 2012, tumbatsar teku ta hallaka mutane a Kuramo, gwamnati ta tashi mazauna wurin. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe gine-ginen Landmark Beach domin aikin babban titin Legas zuwa Kalaba. Yawancin gaɓar da ta rage a yankin Lekki tana hannun 'yan kasuwa, ba a shiga sai an biya.

Duk da haka, ƙofa ba ta rufe ba. Tarkwa Bay, wadda ba a isa gare ta sai ta jirgin ruwa, ta yi suna wajen kwanan tanti. Shingen duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka gina a bakin tashar jiragen ruwa yana rage ƙarfin igiya, shi ya sa iyaye ke samun natsuwa da ƙananan yara. Ita ma tana da nata tabon, domin a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun kori dubban mazaunanta. Mai ɗan ƙarfi kan nufi La Campagne Tropicana a Ibeju-Lekki, mazaunin Agege kuwa yana iya kama hanyar Badagry.

A Ingila da Faransa, iyalai kan ja ɗaki mai taya a bayan mota, su yada zango a filayen da aka tanadar wa wuta da ruwa da makewayi. Wannan al'ada ba ta samu gindin zama a Legas ba, don haka tanti ne abin dogaro, kuma ɗawainiyar shiri tana wuyan maigida.

Lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Maris, ya fi dacewa. Kafin a biya kuɗi, a tambayi inda za a yi sallah, da makewayin mata, da tsaron dare, a kuma kafa tanti nesa da masu kiɗa da shaye-shaye. Kada kowa ya shiga jirgi ba rigar kariya, doka ce ta hukumar LASWA. Ruwan alwala a tafi da shi a jarka, haka ma gidan sauro.

Najeriya tana da gaɓar teku ta kusan kilomita 853. Yaron da aka haifa a Ikorodu ko Agege yana da haƙƙi a cikinta, kuma nauyi ne a kan gwamnatin Legas ta keɓe wa jama'a wuri mai tsafta da tsaro kafin katanga ta zagaye sauran.