IDON KYAMARA MAI JAWO NESA: YAUSHE ZAI RAGE NAUYI?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a Kazaure ya san wahalar mai ɗaukar hoto. Dawaki na sukuwa, dogarai na mai da jama'a baya, shi kuwa so yake fuskar mahayi ta fito sarai. Ba abin da zai fisshe shi sai dogon idon kyamara mai jawo nesa kusa. Haka nan ɗalibin da ya tashi daga Achilafiya ko Roni ya nufi fadamar Baturiya domin nazarin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, gama tsuntsu ba ya jira a matso.

Aibin wannan na'ura shi ne nauyi. A shekarar 1993 kamfanin Canon na Japan ya fitar da wata mai zurfin gani milimita 1,200, wadda nauyinta ya kai kilo 16 da rabi, watau ta doshi jarkar ruwa a cike. Dalili kuwa lissafi ne: don ta tara isasshen haske, sai da faɗin gilashinta na gaba ya haura santimita 21, ga kuma wasu gilasai jere a bayansa.

Maƙera sun bi hanya biyu. Ta farko aron dabarar Augustin Fresnel, Bafaranshen da ya ƙera gilashi mai zobba-zobba saboda fitilun jagorar jiragen ruwa wajen 1820, inda zobban suke taya gilashi karya haske ba tare da kauri ba. Canon ya shigo da irin wannan a 2001, a 2022 kuwa Nikon ya fitar da mai milimita 800 da bai kai kilo biyu da rabi ba. Ta biyu ita ce tsuke ƙofar haske. A 2020 Canon ya sayar da mai milimita 800 da nauyinsa giram 1,260 kacal, amma fa da rana ta yi sanyi sai ya soma makancewa.

To, ina aka dosa? A 2016 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna wani gilashi shimfiɗaɗɗe, wanda aka kafa wa miliyoyin ƙananan turaku da ido ba ya gani, su ne ke sarrafa haske. Wasu har sun fara mafarkin na'ura mai milimita 1,000 da za a rataya a wuya kamar laya. A ganina nauyi zai ragu ƙwarai, amma faɗi ba zai ragu ba. Haske kamar ruwan sama yake, gwargwadon bakin ƙwarya gwargwadon abin da za ta tara. Abin da wayar hannu ke yi idan an jawo nesa sosai, yawancinsa ƙiyasi ne na kwamfuta, kuma mai nazari ba zai kafa hujja da gashin tsuntsun da inji ya zana ba.

Sauran magana ita ce sararinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye suke nan, hazo kan rufe duwatsun Roni, da bazara kuma kawalwalniya ta sa hoto rawa. Gilashin da zai ratsa waɗannan ba a ƙera shi ba tukuna.